Tofin Inna Biba a Man Taransifo

Duk wanda ya yi wayo a Madawa cikin shekarun saba'in, in ka tambaye shi wa ya fi kowa mita a garin, ba zai yi dogon tunani ba, Kalla mai wuta zai ce maka. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, kullum cikin shuɗin kayan aiki da hular saƙa wadda rana ta cinye launinta. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Shi dai irin mutanen nan ne da duniya ba ta taɓa barin abu inda suka ajiye shi, kuma ba su iya gani su kau da kai ba. In ka ari gudumarsa ka mayar da ita a ƙusar da ba tata ba, ka jawo wa kanka wa'azi har la'asar.

Haifaffen Babankatami ne, autan wata mata da ake kira Inna Biba, kuma shi kaɗai ya rage mata, don sauran duk kyanda da tari sun kwashe su tun ba su isa riƙe hauya ba. Shekarar babban farin nan da ya ƙarar da shanu, gonarsu ba ta ba da ko abin kunu ba, sai ya rataya jaka ya shigo Madawa neman aikin ƙarfi. Ya samu a gidan wutar lantarki. Da haƙar ramin turaku ya fara, daga nan ya koma goge injuna, daga nan ya zama mai miƙa wa makanike kayan aiki, yana miƙawa yana kallo. Da ubansa ya rasu ya je ya ɗauko tsohuwar. Ta zo da buzunta da tasbaharta da wani akwatin katako, ta zauna a ɗakin da ya gina mata, ta kuma shaida masa a gaban matarsa Hasana cewa ƙaura ɗaya ta ishe ta, ta gaba sai kushewa.

Tsohuwar tana da al'ada guda da ba mai raba ta da ita. Ba abin da zai fita gidan nan zuwa wata buƙata ba ta karanta ta tofa masa ba. Irin shuka, akuyar da za a kai kasuwa, jika ranar shiga lakwal, wato makarantar boko, duk sai sun bi ta gabanta. Kalla kansa, da gemunsa da furfurar da ta fara leƙowa, kowace safiya sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya cire hula ta tofa masa a ka. Yakan tashi yana goge ƙeya yana gunaguni wai an makarar da shi, amma bai taɓa tsallake ƙofar ba.

A gidan wuta kuwa, abin da aka damƙa masa daga baya shi ne taransifo. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce mai haƙarƙari a gefe, tana zaune bayan shingen waya tana gurnani dare da rana, ta cikinta wutar injuna ke bi kafin a raba wa gari. Cikinta nannaɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe ne a nutse cikin wani mai garai-garai kamar man gyaɗa sabon matsa. Aikin man biyu ne: ya sanyaya wayoyin, ya kuma tsare wuta kada ta yi tsalle daga wannan waya zuwa waccan. Muddin man yana da ƙarfinsa, lafiya lau. Ranar da ruwa ya shige shi, ko da laimar da ido ba ya gani ce, ƙarfin ya tafi, wuta ta keta, tukunya ta kama. Kalla ya haddace wannan karatu, ya kuma dami kowa da shi. Masu zuwa roƙon ɗan man a kwalba wai su shafa wa gwiwa mai sanyi, ya kore su har muryarsa ta dushe, gobe su dawo da wata kwalbar.

Wata shekara, bayan damina mai ƙarfi, shef ɗinsu, wato shugabansu, Mushe Manzo ya zo daga Tawa ya ce a gwada man a gani ko ruwa ya shige shi. Kai shi Yamai doguwar magana ce. Amma akwai na'urar gwaji a asibitin mishan da ke kan hanyar Ƙwanni, a hannun wani Yosefu mai kula da wutar asibitin, kuma an shirya da su. Abin da ake so daga Kalla kawai, ya ɗebi kwalba guda ya kai.

Kai ka ce kwalbar ta zinariya ce, yadda ya bi da ita. Ya shanya ta a rana, ya ɗauraye ta da man taransifon ba da ruwa ba, ya cika ta daga ɗan famfon da ke ƙasan taransifo, ya danna mata toshi. Sai matsala ta taso, don motar kasuwa da sassafe take tashi, dole kwalba ta kwana wani wuri. A gidan wuta dai ba zai bar ta ba, mai gadi yana fama da gwiwa, kuma Kalla ya ga irin kallon da yake yi wa famfon. A ɗakinsa yara ne, ba abin da hannunsu ba ya kaiwa. Wuri ɗaya ne a duniya da ba mai shiga sai da sallama. Ya nufi ɗakin tsohuwa.

"Inna, ga ajiya. Kada kowa shi taɓa ta."

"Mi na ciki, Auta?"

"Man aikinmu na. Gobe za a gwada shi, a gani ko shina da ƙarhi."

"Allah shi ba shi sa'a," ta ce, ta tura kwalbar bayan akwati.

Yosefu dogo ne siriri, mai magana a hankali kamar wanda ba ya son tada ƙuda, kuma wannan sanyin nasa ya fara ba Kalla haushi tun a gaisuwa. Na'urar akwatin ƙarfe ce. A samanta akwai ɗan kofin gilashi, cikin kofin ƙwallaye biyu na tagulla suna fuskantar juna, tsakaninsu bai fi kaurin tsinken ashana ba. Yosefu ya bayyana masa yadda ake yi. A zuba mai ya rufe ƙwallayen, a jira kumfa ta kwanta, a riƙa murɗa wani kambu wuta tana ƙaruwa allura tana hawa, har wutar ta keta man ta yi tsalle daga wannan ƙwallo zuwa wancan. Inda allura ta tsaya lokacin da ta keta, nan ne ƙarfin man. Daga nan sai a zubar, don tartsatsin ya riga ya bar baƙi a ciki.

"Tsaya, Malam Yosefu," in ji Kalla. "Wato sai kun ƙone shi kana ku san lahiyayye na? Wa ka yanka rago don shi gani ko shina da rai?"

Ba rigima kawai yake nema ba, yana da dalili. Gangar man da aka yi musu alkawari tun bara ba ta iso ba. A jikin taransifo akwai ɗan gilashi mai nuna inda man ya kai, da layin da ba a so ya sauka ƙasa da shi, kuma duk kwalbar da aka ɗiba aka zubar, man yana matsowa layin ne.

Yosefu ya yi ɗan tunani ya ce akwai wata hanya. Ya nuna masa wani jan layi a fuskar agogon na'urar, ya ce nan ne iyakar abin da ake nema ga mai mai kyau. Ba sai an kai shi ga ketawa ba. A hau da allura zuwa jan layin a riƙe ta can na ɗan lokaci, in man ya jure sai a sauko da wutar a hankali, man bai san an yi ba, a mayar da shi kwalba ya koma tukunyarsa. Kalla ya ce to yanzu aka yi magana. Ya gyara tsayuwa ya harɗe hannu, yana jiran a yaba masa.

Allura ba ta kai rabin hanya ba aka ji ƙyas! Wani shuɗin tartsatsi ya gifta tsakanin ƙwallayen, baƙin zare ya bazu cikin man.

"Akwai ruwa ciki, Malam Kalla."

"Ruwa? Cikin man nawa? Na'urarku dai ta lalace."

Yosefu bai yi musu ba. Ya wanke kofin, ya zuba man asibitin nasu, ya murɗa. Allura ta hau har jan layi ta zauna daram. Kalla ya kalle ta kamar ta zage shi, ya ɗauki kwalbarsa ya fita ko sallama babu.

Da labari ya kai wa Mushe Manzo, bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Cewa ya yi a sake gwadawa. In man ya ci gaba da faɗuwa, ba makawa a kashe taransifon a loda shi a kamyo, babbar motar kaya, zuwa Yamai a busar da shi, abin da ba a san ranar gamawarsa ba, a jawo wa gari wuta ta wata hanya. Inda babu taransifo kuwa babu aikin mai kula da shi. Akwai gurbi a Gigimi, can gabas wajen tafkin Cadi, can za a tura Kalla.

Ya faɗi maganar a gida ana cin tuwo. Hasana ta yi salati. Inna Biba ta cire hannu daga akushi.

"Ni dai na hwaɗa maka, ba ni zuwa ko'ina," ta ce.

"Na sani, Inna."

"Kai ma ba ka zuwa, in Allah ya so. Bar ni da shi."

Bai tambaye ta da wa za a bar ta ba. Hankalinsa yana can yana lissafin tafiyar kwana da kwanaki a bayan kamyo, da tsohuwar da ba ta iya kai buta bayan ɗaki sai an riƙe ta, da abin da zai faru in ta kwanta ciwo yana can bakin duniya sai dai a aiko masa. Tsoro ya kama shi sosai. Shi kuwa Kalla in tsoro ya kama shi, faɗa yake zama.

Da Hasana ya fara. Wai ita ta wanke masa kwalba da ruwa, don ya san ta, ba ta ganin abu a ajiye ba ta kai shi bakin randa ba. Ta rantse ko launin kwalbar ba ta sani ba. Ya koma kan direban motar kasuwa, wai ya zaunar da shi kusa da salkar ruwa. Direba ya ce in salka tana keta gilashi to shi ma ya ga abin al'ajabi. Ya je ya tsare mai gadi, mai gadi ya yi fushi ya daina gaishe shi. Ya duba taransifon tun daga sama har ƙasa bai ga inda yake yoyo ba. Ƴan duwatsun nan da ake sawa a hancin tukunyar su tsotse laima, waɗanda kan yi ja-ja in sun sha ruwa, ga su nan shuɗi shar. Ya ɗiga man daga famfo a kan ƙarfe mai zafi, don in da ruwa zai yi ƙara kamar an jefa albasa a kasko, ya kasa kunne, shiru. Wato a bakin famfo man lafiyarsa ƙalau, a teburin Yosefu kuma ya zama jiƙaƙƙe. Wannan abu ya kusa haukata shi.

Karo na biyu ba rana ya yarda da ita ba. Ya kai kwalbar wurin Ɗanlami mai burodi aka sa ta a tanda bayan an kwashe burodi, ta fito da zafin da ko aljani ba zai zauna ciki ba. Da zai cika ta sai da ya naɗe bakinsa da rawani kamar Buzu, don kada numfashinsa ya taɓa man. Ya toshe, ya kai wa tsohuwa ajiya kamar wancan karo, da safe ya karɓa ya cusa cikin riga a ƙirjinsa, ya zauna nesa da salka, bai bar kowa ya matso shi ba har asibitin.

Wannan karo allura ko inda ta kai da farko ba ta kai ba.

Kalla ya cika ya batse. Ya ce shi ya gane, na'urar nan man mishan kawai ta sani, in ta ga na wani sai ta tofa masa wuta.

"Malam Kalla, na'ura ba ta da addini," in ji Yosefu, da sanyin nan nasa mai ƙara wa mutum zafi. "Ka tuna dai. Daga hwamhwo zuwa nan, wa ka buɗe ta? Ko numhwashi anka hura ciki ya isa."

"Ba kowa! Ɗakin tsohuwata taka kwana, inda ko ɓera ba shi shiga sai da izini."

Ya faɗa da bakinsa, kunnensa ya ji, amma ko gezau. Laifi tudu ne, ya tako nasa yana hangen na Yosefu. A hanyar dawowa har yana raya wa ransa ko dai wani ne ya yi masa asiri a gidan wuta don ya gaji kujerarsa, kujerar da ba kowa ke so ba sai shi.

Mushe Manzo ya ce ya ba shi dama ta ƙarshe, kamyon yana zuwa ƙarshen wata ko da shi ko ba shi. Man kuma ya sauko dab da layi, abin da za a iya ɗiba bai fi kwalba biyu ba. Kalla ya ɗebi ɗaya da duk tsarin da ya saba har da ƙari, ya kai ɗakin tsohuwa.

Ranar tafiyar direba ya yi sammako fiye da kullum, ana fitowa masallaci ya fara danna oda a tasha. Kalla bai jira tsohuwa ta gama wuridi ta kira shi ba yadda aka saba, ya yi sallama ya ɗaga labule.

Tana zaune a buzu ta fuskanci gabas. Toshin yana gefe a kan tasbaha. Kwalbar tana tsakanin tafin hannuwanta, ta kai bakinta dab da bakin kwalbar, tana karatu ƙasa-ƙasa.

"Inna!"

Ta ɗaga masa hannu ya dakata. Wa zai katse wa uwarsa addu'a? Haka ya tsaya kamar an dasa shi, yana gani da idonsa ta kai ƙarshen sura ta tofa cikin man, tuf, tuf, tuf, ta ɗauko wata surar ta sake tofawa. Sai da ta shafa ta mayar da toshi ta danna shi da kyau, sannan ta dube shi da fuskar wanda ya gama babban aiki.

"Na hwarko sau guda niy yi, shi yas sa yah hwaɗi," ta ce. "Na biyu nik ƙara, bai isa ba. Wanga karo ko, har Zamzam nis samo wurin Hajiya Amina, niɗ ɗiga mashi. Tahi da shi, Auta, ka gani."

Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa. Maganar da ta taso masa ba irin wadda ake yi a gaban uwa ba ce, don haka ya saki labule ya zaga bayan gida. Can ya sauke ta a kan jakin maƙwabci da ya leƙo ta katanga, ya zage shi tas, ya haɗa da ubansa da mai shi. Ya harbi turmi ya ji a ɗan yatsa. Hasana ta fito da muciya a hannu tana tambayar lafiya.

"Lahiya lau!" ya daka mata tsawa. "Na ƙona kwalba cikin tanda, na naɗe baki kamar Buzu, na ɓata da direba, na ɓata da mai gadi, na zagi bawan Allah da na'uratai, ashe da hannuna nika kai ta!"

"Da ni ma ka ɓata," ta ce, ta koma madafa.

Mota ta gaji da oda ta tafi. Da zuciyarsa ta ɗan sauka ya koma ɗakin ya durƙusa.

"Inna, man ga ba shi son ruwa. Ko kaɗan."

"Wa yas sa mashi ruwa? Addu'a ta."

"Addu'a da yawu taka hita, Inna. Yawu ko ruwa na."

"Zamzam hwa?"

Sai da ya waiga ya ga ba mai ji, sannan ya ce a hankali, "Shi ma ruwa na, Inna."

Ya ɗauka za ta yi faɗa, har ya shirya kunnensa. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta tura masa ita da bayan hannu.

"Ashe ni ta," ta ce. "Da bakina nika tura ka Gigimi."

Ta juya fuska ga bango. Ya yi ta ba ta haƙuri yana cewa laifinsa ne da bai yi mata bayani ba, ko waigowa ba ta yi ba. Washegari ya durƙusa a ƙofa ya cire hula kamar kullum, sai ta ce daga ciki, "Tahi abinka, kada in jiƙa ka." Haka jibi, haka gata. Jikanta ya zo zai tafi lakwal ta ce ya je Allah ya tsare, ba ta tofa ba. Abincinta ma ya ragu.

Mutumin da ya shekara da shekaru yana gunaguni wai ana makarar da shi, yanzu ya samu yadda yake so, yana isa aiki da wuri da busasshen kai, kuma bai taɓa jin ɗacin rai irin na waɗannan kwanaki ba. Ya gano inda ruwa ke shiga, ya toshe, amma garin gyaran gira ya taɓa ido. Haushin kansa yake ji, da na tsohuwa, da na wanda ya fara ƙera taransifo.

Kwalba guda ta rage, kuma ita ba a isa a ƙone ta ba, dole ta ci gwaji ta dawo tukunya. Ya ɗebe ta da rana tsaka. Ya narka kakin zuma ya dalaye toshin da wuyan kwalbar har sai da ba a ganin inda suka haɗu. Ya kulle ta a akwatin kayan aikinsa ya rataya makullin a wuya. Da safe ya ɗauko ta, ya wuce ƙofar tsohuwa bai tsaya ba, don ya san amsar da zai samu. Ya kai zaure, ya sa ƙafa ɗaya waje, ƙafar ta ƙi gaba. Tun da aka haife shi bai taɓa fita neman wani abu ba da wannan tofin ba. Ya ja tsaki mai tsawo ya juyo.

Ya ajiye kwalbar a waje, ya shiga ya durƙusa ya cire hula.

"Inna, yau ba mai za a gwada ba, ni za a gwada. Ni ko ba wanda yac ce ruwa na ɓata ni."

Ya fara jin odar mota daga tasha. Sannan ya ji hannunta a kansa, busasshe mara nauyi, ya ji karatun ya fara. Ranar ta biya bashin duk kwanakin da ta riƙe, sai da ya ji sanyi har bayan kunnuwa. Bai goge ba.

"Miƙo kwalbar," ta ce.

"A ruhe take, Inna. Da kaki."

"Na ga a ruhe take, ba makauniya ba ce ni. Kai da kas san karatun ƙarhe, wa yac ce maka addu'a sai an buɗe mata ƙohwa?"

Ya dube ta. To in haka ne, me ya sa ta buɗe har sau uku? Tambayar ta zo masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta da ƙyar kamar ƙashin kifi. Ya miƙa mata. Ta karanta ta tofa a jikin gilashin, ya goge da hannun riga bayan ya fita zaure inda ba ta gani.

A asibitin sai da ya fara ba Yosefu haƙuri, abin da ya fi masa haƙar ramin turaku wuya. Yosefu ya fasa kakin ya zuba, suka jira kumfa ta kwanta. Ya kama kambun. Allura ta wuce inda ta faɗi karo na biyu, ta wuce na farko, ta ci gaba da hawa a hankali har ta taɓa jan layi. Yosefu ya cire hannu ya bar ta nan. Na'urar tana ɗan kuka, man yana kwance tsakanin ƙwallayen ko motsi ba ya yi. Kalla ya riƙe numfashi, ba don tsoron laima ba wannan karo. Da lokaci ya cika Yosefu ya sauko da wutar sannu-sannu, ya ɗaga kofin ga hasken taga. Garau, kamar yadda ya fito daga famfo.

"Ƙarhinai na nan," ya ce. "To ina ruwan yat tahi?"

Kalla ya gaya masa. Yosefu, wanda bai taɓa ɗaga murya ba, ya yi dariya har sai da ya riƙe teburi. Ya ce da tasa tsohuwar ce, da ta buɗe ta rera masa waƙar sujada ciki tun daga farko har ƙarshe. Kalla bai ga abin dariya ba, amma ya bari aka gama. Kafin magariba man ya koma tukunyarsa, kamyon ƙarshen wata ya zo ya wuce da wasu kaya.

Bai je Gigimi ba. Ya zauna Madawa yana korar masu gwiwa, yana faɗa a kan guduma. Kowace shekara bayan damina kwalba mai kaki takan bi ta ɗakin Inna Biba a tofa mata ta waje, ta je ta jure jan layi ta dawo. Tsohuwar ba ta taɓa yarda cewa kakin ne ya yi aiki ba, shi kuma bai taɓa yarda cewa ba kakin ba ne, kuma ba wanda ya sake tada maganar. Shekarar da fari ya dawo ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ba aiko masa aka yi ba. Yana zaune a gefenta, kanta a kan cinyarsa, kuma shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Da damina ta gaba ta wuce aka ce a kai mai gwaji. Ya ɗiba, ya dalaye da kaki, ya kulle. Da safe ya fito da kwalbar a hannu yana sauri don mota na oda. Hasana tana shara a tsakar gida, sai ta ji tafiyarsa ta tsaya. Ta ɗago ta gan shi durƙushe a ƙofar ɗakin da yanzu buhunan hatsi ne a ciki, hula a hannu, kai a sunkuye, yana jira. Ya daɗe a haka.

Da ya miƙe ya ga tana kallonsa.

"Mi kika kallo?" ya ce. "An makarar da ni."

Ya kai hannu zai goge ƙeya, ya tarar da ita a bushe. Ya sa hularsa ya fita.